Naɗi tamau, goyo ko sakin jiki: wanne za a yi wa jinjiri?

Tun da babbar waya ta shiga ƙauyuka, matan da suka yi haihuwar fari a wajajen Bichi, Gaya, Ringim da Gumel sun fara cin karo da wani salo a Facebook da TikTok. Baturiya ce za ta shimfiɗa mayafi mai kusurwa huɗu, ta kwantar da jariri a tsakiya, ta manna masa hannuwa a jiki, ta naɗe shi tamau daga kafaɗa har tafin ƙafa, kai kaɗai ke waje. Yaron da ɗazu yake tsala ihu sai a ga ya yi tsit, ido ya lumshe. Duk macen da ta kwana tana jijjiga ɗa har kiran assalatu, in ta ga wannan dole ranta ya biya. Ga kuma kaka a gefe da nata tsarin: riga biyu, hula, safa, tawul, a ɗora shawul a kai, ko da kuwa watan Afrilu ake ciki. Ga goyo da muka taso muka tarar. Ga malamar asibiti tana cewa a rage masa kaya ya sha iska. Mai jego tana tsakiya, kowa na ce mata nasa ne daidai. Kowane allazi da nasa amanu, sai dai amanun wani ya fi na wani nauyi, kuma zaɓin yana sauyawa da watannin yaro, da lokacin shekara, da ma irin rufin ɗakin da ake kwana a ciki.

Abin da ya sa ake naɗin tun farko shi ne firgita. Jariri yana barcinsa, sai a buga ƙofar langa-langa, ko taɓarya ta sauka a turmi a tsakar gida, ko ki zo kwantar da shi kansa ya ɗan yi baya. Nan take zai watsa hannuwa gefe, yatsu a buɗe, sannan ya dawo da su wajen ƙirji, sau da yawa kuka ya biyo baya. A gidaje da yawa ana cewa ya ga wani abu, a nemo turare ko laya. Addu'a ba ta taɓa yin yawa ga yaro ba, amma wannan zaburar halitta ce da kowane lafiyayyen jariri yake zuwa da ita. Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ernst Moro ya yi bayaninta a 1918, shi ya sa har yau likitoci ke kiranta da sunansa, kuma da gangan suke tsokano ta idan suna duba sabon haihuwa. Tana da ƙarfi a makonnin farko, ta fara ja da baya wajen wata uku zuwa huɗu, ta ɓace zuwa wata shida, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fara iko da gaɓoɓi. Rashinta shi ne abin tsoro. Idan sabon jariri ba ya zabura sam, ko hannu ɗaya ne kawai yake watsawa ɗayan yana kwance sharaf, to mai yiwuwa jijiyar kafaɗa ta taɓu ko ƙashin wuya ya tsage wajen haihuwa, musamman in doguwar naƙuda aka yi. Wannan na asibiti ne, ba na zane ba.

Tare da firgitar akwai 'yan'uwanta. Ki shafi kumatunsa ya juyo da baki yana lalube. Ki sa masa yatsa a tafin hannu ya damƙe. Yana kai hannu baki yana tsotsa. Duk waɗannan aiki suke yi, kuma duk hanyar da za a zaɓa sai a tambaya: wanne daga cikinsu take dannewa, kuma me ake asara idan an danne shi?

Mu fara da naɗin tamau ɗin, don gaskiya yana da abin da yake yi. Idan hannuwa suna ɗaure, zaburar ba ta kai wa ga farkar da yaro, sai barcinsa ya yi tsawo, kukan ma ya ragu. Ba Turawan yanzu suka ƙirƙiro shi ba. An daɗe ana yinsa a Rasha, Turkiyya, ƙasashen Larabawa da tsakiyar Asiya. Game da tsoron da wasu ke yi cewa zai daƙile wayon yaro ko ya hana shi tafiya da wuri, an gwada wannan a Mongoliya, inda ake naɗe jarirai sosai na tsawon watanni. An raba jarirai sama da dubu ɗaya gida biyu, wasu da naɗi wasu babu, da aka auna su suna da wata 13 ba a ga bambanci a wayo ko a motsin jiki ba. Saboda haka ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalolin naɗi suna wasu wurare daban, kuma kusan dukkansu sun fi tsanani a irin zaman da muke yi.

Na farko ƙugu ne. Jariri yana fitowa da ƙafafu a lanƙwashe, gwiwoyi a buɗe kamar na kwaɗo, domin haka ya zauna a ciki wata tara. A wannan lokacin ramin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki guringuntsi ne mai taushi, bai gama zurfi ba. Kan ƙashin ne yake ƙara masa zurfi in yana zaune daram a tsakiya, kuma zaman da ya fi sa shi daram shi ne wannan na gwiwa a buɗe. Idan aka miƙe ƙafafun aka haɗe su aka ɗaure, sai kan ƙashin ya riƙa turawa gefe, ramin ya ƙi zurfi, a wasu yaran ƙugun ya goce gaba ɗaya. Abin haushin, ba ya ciwo a lokacin. Sai yarinya ta fara tafiya a ga tana ɗingishi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na ce yarinya domin ya fi kama mata, da 'ya'yan fari, da waɗanda suka zo ta ƙafa ko ta ɗuwawu, da waɗanda akwai irinsa a danginsu. A Japan a da suna naɗe jarirai ƙafa a miƙe, yawan masu wannan lalura ya kai kashi 1 zuwa 3 da ɗoriya cikin ɗari. A 1975 aka yi gangami a faɗin ƙasar kan a daina miƙe ƙafar jariri, sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi 0.2. Ba magani aka raba ba, ɗaurin kawai aka sauya.

Yanzu ki dubi yadda yaro yake zama a bayan uwarsa: cinyoyi a ware sun rungumi ƙugunta, gwiwa a lanƙwashe, zane ya tallafe ɗuwawu, majanyi ya ƙara riƙewa. Wannan shi ne ainihin zaman da likitocin ƙashi suke so. Idan ma aka gano gocewar ƙugu da wuri, wani ɗamara ake sa wa jariri na makonni da zai riƙe ƙafafunsa a kusan irin wannan yanayin. Likitoci sun daɗe da lura cewa lalurar ba ta da yawa a al'ummomin Afirka masu goyo, har wasu da suka yi nazari a Malawi suka kawo shawarar ko za a koya wa sauran duniya. To ina dalilin da mace daga Kazaure ko Rano za ta ajiye abin da ke kare ƙugun 'yarta, ta ɗauko wanda aka sha wahala kafin a raba wasu ƙasashe da shi? A nan goyo ya yi wa naɗi fintinkau. Sai dai mu ma muna da tamu 'yar matsalar: akwai tsofaffin da ke miƙe ƙafafun jariri da ƙarfi bayan wanka, su haɗe su su ƙulle da zane wai kada ya yi gwame. Lanƙwasar ƙafar sabon haihuwa da kanta take miƙewa yayin da yake girma. A shafa masa mai, a motsa gaɓoɓi a hankali, amma ban da ɗauri.

Na biyu zafi, kuma a ganina wannan ne ya fi kusa da mu. Jariri bai iya daidaita zafin jikinsa kamar babba ba. Saurin yin sanyi gare shi, saurin ɗaukar zafi kuma gare shi. Abin da ake so jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. A Kano da Jigawa, daga Maris zuwa Mayu rana tana kai digiri 40, wani lokaci ta wuce, musamman can wajen Haɗejia da Maigatari. Ɗakin kwano mara silin da azahar ya fi waje zafi, kuma bangon bulo yana riƙe zafin har tsakar dare. Ɗakin soro mai rufin azara da ɗakin jinka sun fi sanyi nesa ba kusa ba, don haka abin da ya dace a gidan kaka ba lallai ya dace a sabon ɗakin amarya ba. Ƙara da cewa ɗakin mai jego da ma a dumame yake: ruwan wanka na tafasa safe da yamma, taga a rufe, wani gidan har da garwashi a kasko. A irin wannan ɗaki a naɗe yaro tamau, ko a jibga masa shawul mai gashi, sakamakon ɗaya ne. Zai yi jajir, ƙurajen zafi su feso a wuya da hammata da matsematsi, ya riƙa numfashi sama-sama, ya yi lakwas ya kasa tsotso. Sai a ce ai yaron kirki ne, ba ya kuka.

Na taɓa zuwa barka a wani ƙauye da ke kan hanyar Dambatta, ana tsakiyar bazara, aka miƙo mini jaririya 'yar kwana biyar. Sai da na ɗaga shawul, na ɗaga tawul, na ɗaga wani zanen atamfa, sannan na iske ta cikin rigar ulu da hula. Na zura yatsu biyu a bayan wuyanta, jiƙe yake sharkaf. Kakarta ta ce, “Taɓa ƙafarta ki ji, 'yar nan, sanyi ƙalau. Sanyi ne ke kama su.” Na ce, “Inna, taɓa ƙirjinta kuma ki ji.” Ta taɓa, ta yi shiru, ta zare tawul ɗin da kanta. Hannu da ƙafar jariri kusan kullum sun fi sauran jikinsa sanyi, domin jini bai gama isa can sosai ba a makonnin farko. Wurin aunawa shi ne ƙirji, ciki ko ƙeya. In ɗumi kika ji ba gumi, ya yi daidai. In gumi ne, a rage. Tsoron da tsofaffi ke yi wa sanyi ba na banza ba ne, don sun ga jariran da sanyi ya kashe, kuma a daren hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da ma'auni ke sauka wajen digiri 12 zuwa 14, su ne da gaskiya. Kuskuren shi ne a ɗauki kayan Janairu a shiga da su Afrilu.

Na uku kwanciya, kuma nan ne naɗi yake iya zama ajali. Akwai abin da ake kira mutuwar fuju'a ta jarirai, a kwantar da yaro lafiya lau a wayi gari babu shi. Da Ingila a 1991 da Amurka a 1994 suka fara gangamin a riƙa kwantar da jarirai rigingine maimakon rub da ciki, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2016 ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa ga jaririn da aka naɗe idan an kwantar da shi a gefe, ya fi ƙaruwa idan rub da ciki ne, kuma yana ƙaruwa yayin da yaro ke girma. Dalilin a bayyane yake: yaron da ya kife fuska a katifa da hannu yake turawa ya ɗago kai. In hannun yana ɗaure, ba shi da abin yi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina naɗi da zarar yaro ya fara yunƙurin juyawa, wanda wasu ke farawa tun suna wata biyu. Ita ma firgitar da ake son dannewa tana daga cikin abubuwan da ke farkar da jariri idan numfashinsa ya samu cikas. Barci mai nauyi daɗi ne ga uwa, amma ba kullum ne alheri ga jinjiri ba.

A nan sai a tuna da wanda aka yi wa wancan bidiyon. Jaririnsu shi kaɗai yake kwana a gadonsa mai katifa tauri, ba filo, ba bargo, ɗaki a sanyaye. Mu kuwa a ƙauye uwa da ɗa shimfiɗa ɗaya suke kwana, cikin gidan sauro ɗaya, wani lokaci da yayansa ɗan shekara biyu a gefe. Masu ba da shawara kan barcin jarirai, har waɗanda ba su hana naɗi ba, sun ce kada a naɗe yaron da zai kwana jikin uwarsa. Ga ɗumin jikinta ga ɗumin naɗi. In zanen rufarta ya hau fuskarsa ba zai iya turewa ba, in ta matso da yawa cikin barci ba zai iya shure-shuren da zai tashe ta ba. Wannan kaɗai ya isa ya cire naɗin dare daga lissafin yawancin gidajenmu.

Sai batun nono, wanda ba a cika kawo shi ba in ana wannan magana. Kafin jariri ya yi kukan yunwa yana ba da alamu: ya motsa, ya kai hannu baki, ya yi lalube da kai. Kuka shi ne na ƙarshe. Sabon haihuwa yana bukatar ya sha sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, kuma yawan tsotson ne ke sa nono ya kawo. Yaron da aka naɗe alamunsa a ɓoye suke, barcinsa ya yi tsawo, sai a tsallake shayarwa ba a sani ba. Kwana kaɗan uwa ta ce nonon bai kawo ba, a fara ɗura masa ruwa ko madarar gwangwani, alhali shawarar da ake bayarwa ita ce nono zalla har wata shida. A kwanakin farko kuwa, lokacin dakashi, wannan asara ce babba, don shi ne rigakafin farko da yaro ke samu. Kuma jaririn da ba ya shan nono sosai ciwon shawara ya fi saurin kama shi. Ko da kin zaɓi naɗi, in za ki ba shi nono ki kwance shi, ya dafa nonon da hannunsa.

Kada a ce na wanke goyo tas. Shi ma yana da wuraren da yake cutarwa. Wuyan jariri ba ya riƙe kansa sai wajen wata uku zuwa huɗu. Gida-gida ne, wasu da an yi suna suke fara goyo, wasu sai an yi arba'in. In za a goya ɗan ƙarami, zane ya hau har ƙeya ya tallafe kai, fuska ta juya gefe, hanci da baki a sarari. Abin da ake gudu shi ne haɓa ta faɗa kan ƙirji, don hakan yana matse hanyar iska, kuma jariri ba ya iya kukan neman agaji a wannan hali. Sai zumbulelen hijabi. Mace za ta goya ɗa, ta zura hijabi mai kauri har ƙasa, ta hau babur ko ta taka zuwa asibitin sha-ka-tafi da rana tsaka, ba ta ganinsa ba ta jin motsinsa. A ɗage hijabin ta baya, ko a riƙa tsayawa ana dubawa. Haka girki a murhu da goyo: hayaƙin kara da itace yana shiga ƙirjin yaro, ga haɗarin tafasasshen ruwa in an sunkuya. Sannan 'yar raino. Yarinya 'yar shekara bakwai ta goya ɗan wata takwas ta tafi wasa, wannan mun saba gani, amma ɗan sati uku ba nata ba ne. Duk da haka, waɗannan gyare-gyare ne da ake iya yi ba tare da an bar goyon ba. Kuma goyo yana yin aikin da ake nema a wajen naɗi: jiki a matse, zaburar ba ta samun fili, ga ɗumi, ga motsi, ga bugun zuciyar uwa, kuma da ya motsa ta ji. Iyakarsa dai ba a kwana da shi.

Akwai jaririn da duk wannan muhawara ba ta shafe shi ba: bakwaini, ko wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba. Shi ba naɗi ne maganinsa ba, kuma ba tulin shawul ba, domin zane ba ya samar da zafi, riƙe wanda jiki ya samar kawai yake yi, shi kuwa jikinsa bai iya samar da isasshe ba. Abin da yake bukata goyon gaba ne, fata da fata. A cire masa kaya sai nafkin da hula da safa, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwan uwa, kai a juye gefe, ƙafafu a ware, a ɗaure su tare da zane, ta sa riga a kai. A asibiti ana ce masa kulawar kangaru. Wani likita mai suna Edgar Rey ya fara shi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben jarirai ba su isa ba. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, har da Najeriya a Ile-Ife, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin ɗari idan aka kwatanta da jira sai sun murmure. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take, a yi awa takwas zuwa ashirin da huɗu a kullum. In uwa ta gaji ko za ta shiga wanka, kaka ko goggo ta karɓa, uba ma yana iya yi, ba abin kunya ba ne. Amma irin wannan yaro a fara kai shi inda za a duba shi tukuna, ko asibitin Jahun da ke da sashen jarirai, ko Birnin Kudu, ko Dutse, ko Hasiya Bayero da Murtala ga na kusa da birni. Kuma a ƙirjin za a kai shi, ba a hannu cikin tawul ba. Wankan farko ma, ga kowane jariri, shawarar hukumar ita ce a jinkirta shi aƙalla awa 24.

Hanya ta ƙarshe ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ba ta da mai talla: a sa wa yaro kaya daidai da yanayi, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri, hannu da ƙafa a sake. Zai fi farkawa, gaskiya ne. Zai yi wa kansa yaƙushi a fuska in ba a yanke masa farce ba. Amma zai tsotsi yatsansa ya lallashi kansa, zai shure ƙafa, zai sha nono a kan kari, kuma babu ranar da za a ce yau sai an yaye shi daga naɗi, wanda wahala ce ta daban ga waɗanda suka saba wa yaro da shi. A bazara 'yar shimi ta auduga da nafkin sun isa, da dare ma haka. A damina riga mai dogon hannu da zane ɗaya mara nauyi zuwa ƙirji. A hunturu a ƙara riga ɗaya a kan adadin da ke kanki ya ishe ki, da safa. In akwai halin sayen rigar barci mai kama da buhu, wadda hannuwa ke waje ƙasanta kuma da faɗi, ta fi bargo, don ba ta hawa fuska. Tela ma zai iya ɗinka ta da yadin auduga in aka kwatanta masa. Garwashi kuwa kada ya kwana a ɗakin da aka rufe, ko da sanyin ya kai ina, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

To yaushe naɗi yake da gurbi? A wajena, gurbinsa ƙarami ne amma akwai shi. Jariri cikakken wata tara, mai lafiya, mai kama nono da kyau, bai kai wata biyu ba, ya ci ya ƙoshi amma zabura ta hana shi barci, lokacin sanyi ne ko ɗakin da sanyi, kuma zai kwanta shi kaɗai a inda idonki yake kansa, misali barcin hantsi kina tsakar gida kina leƙowa. A nan ki samu tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi, falle ɗaya. Ki naɗe daga kafaɗa, kada ya kai wuya balle fuska. Hannuwa a lanƙwashe a kan ƙirji ya fi a miƙe su a gefe. Ki tabbata yatsunki biyu ko uku suna shiga tsakanin zanen da ƙirjinsa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ki bar shi sakwa-sakwa yadda zai iya ɗaga gwiwa ya ware. Rigingine, ba gefe ba. Kada ki ɗora masa wani abu mai nauyi a kai, kada ki naɗe shi in jikinsa da zafi ko yana mura. Ranar da kika ga ya fara karkata kafaɗa yana son juyawa, an gama.

Abu ɗaya da naɗi da shawul suka yi tarayya a kai shi ne ɓoye yaro daga idon uwarsa. A kwanaki 28 na farko ciwo yana saurin cin jariri, kuma alamun a jiki suke. Ko wace hanya kika bi, ki riƙa buɗe shi gaba ɗaya da rana a wurin haske. Ki duba cibiya, ko ta yi ja ko tana ruwa ko wari. Maganin shafawa na kulohezidin da ake bayarwa a asibiti shi ake sa mata, ba toka ko man goge baki ba. Ki duba ido da tafin hannu da tafin ƙafa ko sun yi rawaya. Ki kalli ƙirji, ko yana lotsawa ciki, ko numfashi ya kai 60 a minti ɗaya yana kwance shiru. Ki kuma bambance firgita da jijjiga: firgita tana da abin da ya tayar da ita, daƙiƙa biyu ta wuce, rawar hannu ta jarirai kuma in kin riƙe hannun takan tsaya. Wadda ke zuwa haka kawai, tana maimaituwa, kin riƙe ba ta tsaya ba, ido yana kafewa ko baki yana taune-taune, wannan jijjiga ce. Haka yaron da ya daina kama nono, ko jikinsa ya sandare, ko ya saki gaba ɗaya ba ya motsi sai an taɓa shi. Irin wannan ba a jira gari ya waye, ba a jira ranar suna, ba a kuma jira maigida ya dawo daga ci-rani. A nemi abin hawa a tafi.